Ƙurajen saiwar wake

Na matse ɗan ƙurjin da ke jikin saiwar wake da farce, don kawai in ga abin da ke ciki. Wani jan ruwa kamar jini ya fito, ya shige yankan da lauje ya yi mini a babban yatsa. Da na ɗaga kai sai na ga taubashina, ɗan goggona, ya saki baki yana kallona.

"Ke! Gidansu kika fasa?"

"Gidan su wa?"

"Mikrob mana, ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Maƙil suke a ciki. Kuma da yatsa mai rauni? Innalillahi."

Gonar tamu tana hanyar garin Bana. Tun zamanin kakana gero ake zuba mata, damina bayan damina, har ƙasar ta koma kamar toka, ƙuduji ya mamaye ta da furensa mai kyau na mugunta. Baba ya ɗauko takin zamani daga kasuwar Malanbil ya watsa, ko godiya ba ta yi ba. Taubashin nan, da yake ya yi makarantar noma, shi ya lallaɓi Baba a huta da gero a sa wake. Ya ce ƙasa cike take da ƙananan halittu, in shuka ɗaya ake ba su kullum, masu amfani su ƙare, masu cuta su yi ƙiba. Baba ya ce, "Au, ita ma ƙasar tuwo yana gundurarta?" Ya dai yarda.

Ni kuwa mikrob ɗin da na riƙe daga kwalej, na kwalara ne da na tarin fuka.

Na ce, "Me zai same ni?"

"Aikinsu za su yi. Duk inda suka shiga sai sun yi ƙulli. Daga yatsa su hau hannu." Ya gyara hula. "Amma kwantar da hankalinki, taki za ki zama. Mu riƙa zaunar da ke gona-gona. Baɗi gonar innata za a kai ki, na yi kamu."

Na san tsakanin taubasai ƙarya ba laifi ba ce, tun muna yara sana'arsa ke nan a kaina. To amma bai yi dariya ba, ko kaɗan. Na yagi bakin zane na ɗaure yatsan, na ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi, na ci gaba da aiki kamar ban damu ba.

Yatsan ya kumbura, yana bugawa kamar ganga. Washegari ina wanka na ji wani ƙulli a hammatata, ɗan dunƙule, yana zillewa ƙarƙashin fata. Na fito a guje na nuna wa Inna. Har yau in na tuna sai na kai hannu na laluba wurin.

Inna ba ta tsaya jin bayani ba, ta tare kabu-kabu muka nufi likita. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar ƙullin ya haifi wani.

Majo, babbar ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa mai tabarau, ta saurare ni har ƙarshe. Ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Taubashinta," in ji Inna.

"Kuma kika yarda, da birebenki na gama kwalej?" Ta share ido. "Waɗancan ba su san mutum ba, ɗiyata, saiwa suke so. Daga iska suke jawo abinci su bar wa ƙasa, geron da ya biyo baya ya ci. Jan da kika gani alamar suna aiki ne. Ke datti ne ya shiga raunin, kika rufe shi da tsumma."

Ta wanke yatsan har na ƙwala ihu, ta soka mini allurar tetanos, ta ba ni ƙwayoyi. Ban saki hannun rigarta ba.

"To ƙullin fa?"

Ta danna shi da yatsa biyu. "Kaluluwa ce. In raunin ya warke za ta sace. Tashi ki tafi gida, babu abin da zai same ki."