Goggo Rahila da Rigimar Asabe da Ladi

Duk wanda ya san Goggo Rahila ya san farar safar hannunta. Da ita take tuƙi, da ita take zaɓen doya a shagon kayan abincin gida na Hyattsville, da ita take gaisawa da fasto. Tuwo kaɗai ke sa ta cire ta, shi ma ta hannun dama, yatsa bayan yatsa, ta ninke ta ajiye a gefen kwano tana kallonka ko za ka ce wani abu. Ni 'yar ƙaninta ce, a gidanta na sauka da na zo Amurka, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Zan kuma faɗe shi bi da bi, don ba na son labarin da aka kamo daga wutsiya.

Asalin abin, wata Baturiya 'yar mishan ce ta rene ta a makarantar 'yan mata a Filato, ta bar mata gado biyu: shayin la'asar, da littattafan soyayya na Ingila ta zamanin da, masu karusa da manyan gidaje da 'yan matan da ake gabatar wa jama'a a zauren rawa. Goggo nas ce mai hankali a wurin aiki, amma waɗannan littattafai ta ɗauke su tarihi. Shayin kuwa, 'yar jakar ganye ɗaya ce ke zagaya baƙi duka. Kafin ta kai kan na ƙarshe, ruwan zafi ne kawai da ya taɓa jin labarin shayi. Wanda ya yi ƙorafi sai ta ce masa shayi mai duhu na direbobin tirela ne.

To, a tsakiyar shekarun tamanin sai ta dubi 'yan matan cocinmu ta ce sun lalace. Suna tauna cingam, suna amsa wa manya da Turanci, suna tafiya kamar masu bin akuya. Ta sanar cewa bayan Kirsimeti za a yi bikin fitar da 'yan mata a zauren coci, da fararen riguna da fiyano, a kira sunan kowace yarinya da na mahaifinta. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Ni ta naɗa mai tsara layi, saboda ta ce ni kaɗai ce a dangi na san gaba da baya.

Aka fara horo kowace Asabar a falonta. Da farko tafiya. Ta ɗora wa kowace yarinya littafi a ka, littattafai suka yi ta zuba kamar mangwaro a damina. Iyaye mata na zaune suna dariya, su da suka girma da tulu a ka. Goggo ta shiga kicin ta ciko kwanuka da ruwa ta ce littafi ba ya hukunta mutum, ruwa yana yi. Cikin mako biyu wuyan kowa ya miƙe.

Bayan tafiya sai gaisuwa. Ta koya musu rusunawar Turawa, a kama gefen riga a ɗan lanƙwasa gwiwa. Baba Yohanna, dattijon cocinmu, ya gani ya ce wannan ai gaisuwar mai sanyin ƙashi ce, yarinya in za ta durƙusa ta durƙusa. Goggo ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, durƙuso na Allah ne da iyaye. Wannan na sauran jama'a ne, kamar kai."

Yanzu na zo kan Asabe da Ladi. Ƙawaye ne na ƙut-da-ƙut tun Ladi ta zo daga Jos tana ƙarama. Makarantarsu ɗaya a Greenbelt, takalminsu ɗaya, kuma a bayan motata suke kwaikwayon muryar Goggo suna zaton ba na ji. Su ne manya a cikin 'yan matan, kuma Goggo ta riga ta faɗa cewa babba ce za ta fara shiga zaure. Kowa ya san amsar. A mako ɗaya aka haife su, Asabe ranar Asabar, Ladi ranar Lahadi, sunayensu ma sun shaida. Ladi tun tasowarta Yaya take ce wa Asabe in tana son tsokana. Na sa Asabe a gaba, na wuce.

Sai Maman Ladi ta zo da magana. Ta ce a tsaya. Ita Asabe a nan Washington aka haife ta, lokacin da babanta ke karatu, da daren Asabar. Ladi kuwa a Jos, Lahadi ba ta daɗe da shiga ba. Kuma duk wanda ya taɓa buga waya gida ya tashi mutane daga barci ya san ranar can gida tana riga ta nan fitowa. Ta ce lokacin da Ladi ke kuka a Jos, Maman Asabe tana nan tana naƙuda. Ashe Lahadi ce ta riga Asabar.

Maman Asabe ta ce tun da aka halicci duniya ba a taɓa yin haka ba. Maganar ta tashi daga falo ta koma waya, daga waya ta koma coci. Iyaye maza suka shiga da lissafi, aka buga Jos a tambayi wata tsohuwa ko zakara ya yi cara, tsohuwar ta ce ita dai ta san an yi ruwa. Mun yi dariya, amma yaran ba su yi ba. Asabe ta ce wa Ladi uwarta ta yi mata satar girma. Ladi ta ce ita dama ta gaji da bin bayan mutum. Suka daina magana. A motata ɗaya ta juya wa wannan taga, ɗaya ta juya wa waccan, daga Greenbelt har Hyattsville ba mai kwaikwayon kowa. Ladi ta mayar wa Asabe da 'yan kunnenta a cikin ambulan. Na faɗa wa Goggo cewa bikinta zai raba yaran nan, ta yanke hukunci ko ta fasa.

Ta tara iyayen, ta ba su shayinta, ta bari kowa ya gama. Sannan ta ce in a Jos Lahadi ce a nan kuma Asabar, to dare ɗaya ne da suna biyu, yaran tagwaye ne, tare za su shiga. Maman Asabe ta ce ai ko tagwaye akwai wanda ke fara fitowa. Goggo ta ce wannan laifin ƙofa ne, ba na yara ba.

Ni dai na je na duba ƙofar zauren. Mai ɓangare biyu ce, in an buɗe duka mutum biyu za su wuce sarai. Hankalina ya kwanta.

Ranar biki da yamma zaure ya cika. Mutanenmu na Kaduna da Filato, maƙwabtanmu 'yan Gana, har da waɗanda suka tuƙo daga Manassas. Na jera yara a waje. Asabe da Ladi a gaba, kowace cikin riga mai faɗin laima, kowace tana kallon bango. Na je buɗe ƙofa, ɓangare ɗaya ya buɗe, ɗayan a kulle. Na nemi mabuɗi, mai gadi ya ce wata uwa mai farar safar hannu ta karɓa tun da rana. Kafin in juya, mai fiyano ta fara, Goggo ta kira sunayen biyu da numfashi ɗaya.

Suka taho tare, ba wadda za ta ja baya. Suka shiga ƙofa tare, suka maƙale. Riga ta kama riga, kafaɗa ta danne kafaɗa, ba gaba ba baya. Mai fiyano ta maimaita baiti. Ni da nake bayansu na ji Asabe ta yi magana ta gefen baki, da muryar Goggo sak, cewa 'yar mutunci ba ta tura mutane da ƙugu. Ladi ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta fita ta hanci. Shi ke nan. Suka juyo suna fuskantar juna, suka riƙe hannu, suka shiga a karkace kamar kaguwa, hawaye na wanke musu hoda. Da suka isa gaban iyaye suka manta da rusunawar da aka sha wahalar koya musu, suka zube ƙasa a kan gwiwa. Baba Yohanna ya fi kowa tafi.

Washegari na tsare Goggo, don ba na son a ɓata mini tsari ba a faɗa mini ba. Na ce ina mabuɗi? Ta ciro shi daga jaka ba ko kunya, ta ce in mayar wa mai gadi.

"Goggo, da sun yage riguna fa?"

"Riga ana ɗinkewa. Masu gaba in ka ba su fili, kowa gefensa zai kama."

Har yau ba a san wace ce yaya ba. Da Goggo ta kwanta ciwon ajali, su biyun ne suka yi ta karɓa-karɓa a gefen gadonta, mata manya da 'ya'yansu, wannan ta ce wa waccan ƙanwata miƙo ruwa, waccan ta ce ke dai yarinya yi a hankali. Goggo ba ta iya magana sosai a lokacin, amma tana jinsu, kafaɗunta na rawa don dariya a ƙarƙashin bargo.

Ubangiji ya ba ta hutawa. Ta matse mana ƙofa don mu riƙe hannun juna, ita kuwa Allah ya buɗe mata tasa ɓangare biyu. Amin.