Bugun Kolo

Kolo makanike ne a bakin hanyar Takieta, kuma duk Damagaram an san yana da hannu, an san kuma yana da baƙar zuciya. Shi a wurinsa ƙarfe ba ya jin lallashi. In ƙusa ta ƙi kwantuwa, guduma. In inji ya ƙi tashi, sai ya zage shi tas, ya kai masa bugu, abin haushi kuma sai ya tashi. Abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne motar da ya gyara ba ta dawowa.

To, sai ga ta Nomau ta dawo. Nomau mijin ƙanwarsa Hajjo ne, tsohuwar motar nan da yake ɗauko tumatir daga Gidimuni ita ce cinsu, ita ce shansu. Kwanakin baya Kolo ya kwance mata karbirato, abin da ke haɗa wa inji mai da iska, ya wanke, ya ɗaura, amma tun daga ranar take aman baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar rijiya.

Kolo ya zare buji, mai ba inji wuta, baƙi ƙirin. Ya duba matatar iska, lafiya lau. Ya murɗa ƙusar mai, injin bai fasa shaƙewa ba. Ya gane: ƴar allurar da ke tsayar da mai ce ta maƙale, mai na ambaliya. A sake kwancewa a gaban jama'a? Allah ya kiyaye. Ya ɗauki sifana zai buga.

Nomau ya riƙe masa hannu. "Yaya, kar ka buge ta. Kai ka lalata ta, kwance ka gyara."

Ai kuwa maganar nan ta fi mari zafi. Kolo ya fizge, ya sauke masa sifanar a baki. Nomau ya zube ƙasa, haƙora biyu a tafin hannu, jini na bin gemu. Mutane suka yi kansa, Kolo ko waiwaye bai yi ba. Ya tada injin, ya shiga dukan karbirato, wai sai ya nuna musu ta gyaru. A bugu na ƙarshe kwanon man karbiraton ya tsage, fetur ya feshe inji mai zafi, wuta ta tashi ɓut.

Da hannu ya dinga kashe ta, mahaukaci, har fata ta saɓule. Aka ja shi baya da ƙarfi. Mota ta ƙone ƙurmus da kwandunan tumatir a bayanta.

Yanzu Kolo na nan a garejin, yatsun dama sun ƙanƙance, ko cokali ba sa riƙewa. Ni dai tausayinsa nake ji, haushinsa kuma ya fi yawa. Nomau dako yake yi a kasuwa. Hajjo ce ke aiko wa yayanta tuwo kullum, don babu mai ba shi, amma tun ranar ba ta sake kiran sunansa ba.