Kwalbatin da Ruwa Ya Cinye

A daminar da na fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kusa da Randagi, ruwa ya cinye kwalbatin da ke haɗa hanyarmu da babban titi. Masu babur sai sun taru sun ciccibi mashin kafin su haye. Mota kuwa ta daina shigowa.

Dattawa suka wakilta Babana da amininsa, wani Bafulatani da ke kiwo a bakin daji, su kai kuka. Ni na rubuta takardar, don haka na bi su.

A sakatariyar ƙaramar hukuma wani ma'aikaci ya karanta ta a tsanake, ya ce, "Baba, wurin nan ba namu ba ne. A jikin titi yake, titin kuma na tarayya ne."

"Ina za mu same ta, ita tarayyar?" in ji Baba.

"Abuja. Amma ku fara da Kaduna."

Muka je Kaduna. An karɓe mu da mutunci, an buga wa takardar hatimi, aka ce za a tura ta gaba. A motar dawowa raina a ɓace yake. Na ce da gwamnatin guda ɗaya ce, da mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Bafulatanin ya ce, "Malam, da guda ɗaya ce, can nesa za ta zauna. Wa ka sani a can?"



Kansilanmu ɗan ƙauyen ne, masallacinmu ɗaya. Ranar Juma'a Baba ya tare shi yana saka takalmi. Kansilan ya ce ba shi da ikon taɓa titin, amma ƙaramar hanyar ta ƙaramar hukuma ce. Ya samo siminti da katafila ta yini biyu, muka yi gayya, aka karkatar da hanyar ta ƙasa, inda rafin ba shi da zurfi, muka gina ɗan ƙaramin kwalbati a wurin. Ba ta yi kyau ba, amma masararmu ta fita kasuwa a kakar nan.

Sai bayan shekaru masu aikin titi suka zo suka gina sabon kwalbati, babba, irin wanda mu ba za mu iya ba. Lokacin Baba ya daina fita. Da na ba shi labari, ya tambaya ko sun rushe namu. Na ce yana nan, shanu ke bi ta kai.

"To, madalla," ya ce, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa.