Ranar da Unguwar Yuderka Ta Yi Shiru

Duk wanda ya san kantin Yuderka Almonte a garin Moca ya san ba wurin hutun kunne ba ne. Tun da safe lasifika ke ɓarin kiɗan bachata, 'yan babura na ɗaukar saƙo, maƙwabta na ƙwala kira daga tsallaken titi a miƙo musu naman salami da ayaba. A bakin ƙofa kuma ga teburin wasan domino na su Don Quirico, tsofaffin da ba su iya ajiye ƙwaya ba sai sun maka ta kamar masu kashe kunama.

Cikin wannan hargowa Yuderka ta fara karatun lauya, bayan ta aurar da autarta. Jami'ar kuɗi ce a birnin Santiago, ta zaɓe ta ne don darasi ta waya ake yi, ba sai ta rufe kanti ba. Tana yanka cuku tana sauraro. Da muryar wayar ta shaƙe sai ta jona ta da lasifikar kiɗa, unguwa duka ta zama aji ba tare da an shawarce ta ba.

"Doña, wannan malamar taku ba ta haɗiyar yawu ne?" in ji Don Quirico, yana tsokanar Yuderka.

"Ji da wasanka, tsoho. Tun safe ake cin ka kana saka ido a harkar mutane."

Baki dai Yuderka akwai shi, amma kyamara ba ta taɓa kunnawa a aji ba. Abokan karatunta yara ne 'yan gata, kowa a ɗakinsa tsaf. Ita kuwa bayanta buhunan shinkafa ne da kwalaben giya, abin yana ba ta kunya ƙwarai.

Sai ga jarrabawar baka. Malama Belkis ta ce kowa zai kare shari'a ɗaya a gaban kyamara, wanda ya kasa ya maimaita shekara. Yuderka ta san kanta: in ta faɗi, ita da karatu sai a lahira.

Don Quirico ya ɗauki abin kamar nasa, ya bi gida-gida yana gargaɗi a yi shiru ranar jarrabawar. Ranar aka kashe kiɗa, aka kife domino, aka rataya farin zanin gado ya rufe buhuna. 'Yan babura ma tura baburansu suka riƙa yi har sai sun wuce kwana.

Yuderka ta kunna kyamara, ta buɗe baki, kanta fayau. Ashe duk abin da ta haddace cikin kiɗa da ihu ya shiga, shirun nan kuwa baƙo ne a wurinta. Tsoro ya kama ta.

"Señora Almonte, muna sauraronki," in ji Malama.

"Malama, a ɗan yi min haƙuri."

Ta leƙa waje ta ɗaga murya. "Wai mutuwa aka yi ne a layin nan? Don Quirico, buga abinka! Kai, wani ya sako min kiɗa!"

Ko makirufo ba ta rufe ba. Tsoho ya maka ƙwaya, bachata ta tashi, wata mata ta ce yauwa, dama tun ɗazu take son man girki. Garin miƙa man Yuderka ta fizgo zanin gadon, kanti ya fito fili. Nan take magana ta ɓalle mata. Tana auna wake tana jero hujja, tana amsa tambayar Malama tana korar kaza da ƙafa. Yaran ajin suna ta dariya, daga baya suka yi tsit suna rubuta abin da take faɗa.

"Ya isa haka," in ji Malama Belkis, ita ma tana danne dariya. "Kin wuce. A gaida mutanen layi."

Titi ya kaure da shewa. Yuderka ta zube kan buhun shinkafa tana kukan daɗi, ajin duka na kallonta, ba ta ko kai hannu ta kashe kyamarar ba.