Siñora Quinata da Duwatsun Bayan Waya

Siñora Engracia Quinata malamar tarihi ce a wata sakandare da ke kudancin tsibirin Guam. Tana ƙarama ta sha hukunci a makaranta saboda an kama ta tana magana da Chamoru, yaren gidansu. Ko da ta girma ta kama alli an daina hukuncin, amma yaran da kansu sun saki yaren.

Littafin da ake aiko mata daga Amurka kauri gare shi kamar bulo, sai dai tsibirinsu bai ci rabin shafi ba. Don haka takan ture shi gefe ta ba ɗalibanta tarihin da ka: yadda Sifaniyawa suka zauna musu a wuya sama da shekara ɗari uku, Amurka ta karɓa, Japan ta ƙwace lokacin yaƙi, Amurka ta dawo.

"Siñora, wannan zai fito a jarrabawa?" in ji Tasi, wata ɗaliba mai tsiwa.

"Labarin kakarki ne fa. Sai ta fito a jarrabawa za ki san ta?"

"To ai kakata ba ta ba da maki."

Aji ya kwashe da dariya. Siñora ta cije leɓe, ta ƙudura sai sun gani da ido.

Akwai wasu ginshiƙan dutse da ake kira latte, waɗanda a zamanin da can mutane suke ɗora gidajensu a kai. Suna cikin tsohuwar gonar kakanta, wadda yanzu wayar sansanin soja ta zagaye. Ta yi ta zarya wata da watanni kafin sojoji su ba ta ranar shiga. Ta lallaɓo kawunta Tun Goro, tsohon da ya rage cikin waɗanda suka san hanyar. Ta dafa jar shinkafa da kaza mai lemon tsami da kwakwa, aka cika mota da ɗalibai.

A bakin ƙofar sansanin wani matashin soja ya tare su cikin ladabi. Ana atisaye, an ɗage ziyarar.

"An ɗage? Da wa aka yi shawara?"

"Ki yi haƙuri, umarni ne."

"A ƙasar nan aka haifi uwata!"

Tun Goro ya ja hannun rigarta. "Ƙyale shi, 'yata, aiko shi aka yi. Mu a zamaninmu kakanni muke roƙa izini kafin mu shiga daji. Yanzu ga wanda ya gaje su, ko gemu bai yi ba."

A gefen titi suka ci abincin. Tsohon ya riƙa nuna tsauni da sandarsa yana faɗin sunayen wurare, rabin yaran na latsa waya. Tasi ce kaɗai ta matso ta ce ya maimaita mata sunan wata ƙorama, ta faɗa a karkace, ya gyara mata har sau ba adadi.

Ba a sake ba ta ranar shiga ba sai wata shekara, bayan an binne Tun Goro. Siñora ta shiga da wani aji daban. Suka yi ta bulayi cikin sarƙaƙiya, sauro na cizo, yara na mita, ita kuma tana ta cewa nan kusa ne. Lokacin da aka ba su ya cika, sojan rakiya ya duba agogo. Suka fito ba su ga dutse ko ɗaya ba.