Tsohon da Ya Zauna a Bencin Horo

Kafin kowa ya ɗaure takalmin zuwa sujada, Baba Mai Ƙararrawa ya riga ya buɗe majami'a, ya share ta, ya bi bencina da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Na can baya, dab da ƙofa, shi yake gogewa sau biyu. Shekara ashirin da takwas ke nan, daga ɗan ɗakinsa na bayan majami'a zuwa igiyar ƙararrawa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi nisa, kofi ɗaya ne a kan teburinsa.

Bencin bayan nan shi ne na horo. Wanda ya faɗi cikin zunubi a fili, dattawan ikilisiya sukan ce ya koma can na wasu watanni, ba ya shan Jibin Ubangiji sai an karɓe shi. Mu kuwa tsarkakan gaba, ko gyalenmu ba ma bari ya taɓa shi. Amma Baba yana gama kaɗa ƙararrawa sai ya je ya zauna a kai.

Wani baƙo ya taɓa tambaya, "Wai tsohon nan wane irin zunubi ya yi da har yau ba a sake shi ba?"

Baba ya ji, ya yi dariya. "Nawa babba ne, ɗana."

Ba wasa yake yi ba. Shekararsa ta farko a aikin, giya ta kayar da ƙanensa, makaɗin mawaƙanmu, aka sa shi horo. Baba ne ya nuna masa bencin, sannan ya wuce gaba abinsa, don kada a ce yana goyon bayan ɗan'uwa. Lahadi uku ƙanen ya zauna shi kaɗai. Ta huɗu bai zo ba, ya bar garin, har yau ko wasiƙa babu. Baba ya san Allah ya gafarta masa, amma kewar ba ta sake shi ba.

Maman Ɗinki, wadda ta yi wata shida a bencin bayan ta mari wata a taron zumuntar mata, ta ce mini, "Wa'azi? Ko sau ɗaya bai yi mini ba. Littafin waƙa kawai yake miƙo mini mu riƙe tare, da muryar nan tasa kamar tsohuwar ƙofa. Ranar Jibi faranti ya wuce ni, na fashe da kuka. Sai ya ce, ''Yata, hannun dattawa ne ya wuce ki, na Yesu bai wuce ki ba.' Ba don shi ba da na tafi."

Baba, kai ne ka hana kunya ta kori mutane daga ƙofar jinƙai. Fasto shida sun yi mana wa'azin gafara, kai ka zauna kusa da mai bukatarta. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Lahadin da ta wuce aka yi masa sallama, don gwiwa ta ƙi, 'yarsa za ta tafi da shi wajenta. Aka ajiye masa kujera mai laushi kusa da fasto, ya ce a bar shi inda ya saba. Ba kowa a horo ranar, shi kaɗai ya zauna, ya bar gurbin mutum ɗaya ta wajen ƙofa. Da aka tashi ya miƙa makullai, ya riƙe hannun fasto ya ce, "In ƙanena ya zo ba na nan, kada ya tarar da bencin nan wayam."

'Yan'uwa, mai kaɗa ƙararrawa mun samu. Lahadi mai zuwa ƙarfe tara za a fara sujada, kuma har yanzu ba wanda ya ce zai zauna a bencin baya.