Motar da Aka Hana Ɗaukar Taki

Har gobe in na ji matashi yana cika baki a kan motar da zai fara saya, sai raina ya ɓaci. Ba da shi nake fushi ba. Motata ta fari nake tunowa, da jakunan mahaifina da aka sayar aka saye ta.

A garinmu, can yamma da Zakirai, gona ba ta hutawa. Ina wurin hutun? Ka fito daga zaurenku ka taka gonar wani, ka tsallake ta ka faɗa ta wani, ba daji ba saura. Duk wanda ka ga yana cika rumbu, to taki yake ba ƙasarsa kowace shekara. Da rani mutanenmu kan ɗaura wa jakuna itace da kara su nufi birnin Kano, su sayar, su ciko mangaloli da takin bola, wato toka da kashin awaki da sharar gidajen birni, su dawo su zube shi tsibi-tsibi a gona. Aikin Baba ke nan tun kafin a haife ni. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya ɓoye shi: tunda ya ajiye iyali bai taɓa tsayawa gaban mai awo ya sayi hatsin da gidansa zai ci ba. Ko a shekarun fari, da wasu suka koma cin dusa, rumbunmu ya kai mu kaka.

Na gama makarantar horon malamai, aka ba ni aji a firamaren garin da ke kusa da mu, daidai lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihu. Albashi sai ya ga dama yake zuwa. Takin zamani kuwa sai wanda ya san wani. Ga gwiwoyin Baba sun fara ba shi wahala, ga manyan motoci sun cika titin birni, har wata ta taɓa bankaɗe masa jaki. Ni kuma na koyi tuƙi a birni, lasina sabo fil a aljihu, kullum sai na fito da shi na duba hotona.

Ni na kawo shawarar. Na ce a sayar da jakunan, in haɗa da ɗan abin da na tara, mu sayi tsohuwar a-kori-kura, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Abin da jakuna za su yi ta jigila a kansa, ita sawu ɗaya za ta kwaso. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce wa Baba, "Malam, jaki dai ba ya shan mai." Baba ya yi dariya ya ce mata zamani ya zo. Ni kuwa har haushinta na ji.

A kasuwar Zakirai aka sayar da su, a idon kowa. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, maƙwabta na ta shigowa yi wa Baba barka, wai gidansa zai yi mota.

A birni dillali ya kai mu wani fili da ake sayar da motoci na hannu. Ga a-kori-kurar nan, fara, duk ta lotsa, amma injinta na da lafiya. A gefenta kuma ga wata ƙaramar mota shuɗiya mai kujeru masu laushi, irin ta manyan malamai. Ba zan ɓoye ba, idona ya fi zama a kanta. Dillalin ya ce kafin mu biya mu fara zuwa ofishin inshora mu ji farashi, don mota ba ta hawa titi sai da takardarta.

Na ɗauka Baba zai yi gardama da maganar inshora. Ina! Nan take ya gane ta, ya ma riga ni. Akawun ofishin, wani mutum mai tabarau da haƙuri, ya yi masa bayani cewa iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda in ka buge wani za a biya shi, kai kuma ka ji da taka. Akwai cikakkiya, wadda in motar ta yi haɗari ko ta ƙone ko an sace ta za a biya ka. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ai mu ma ba ma shuka iri ɗaya a gona. Gero da dawa da wake muke haɗawa, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Cikakkiyar nake so."

Akawun ya karɓi lasina ya duba, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam ne zai riƙa tuƙawa?"

Na ce ni ne, har da gyara zama.

"To, Baba, a nan matsalar take. Yaro ne, lasinsa kuma sabo. Irinsu su suka fi kifar da mota, don haka nasu kuɗin ya fi na kowa. Ga shi motar kaya ce, ita ma nata ya fi. In an haɗa biyun, abin zai yi muku nauyi. Babu wani babba a gida da ya daɗe yana tuƙi?"

Wai yaro! Ni da ɗalibai ke miƙewa tsaye in na shiga aji. Na fara ɗaga murya, Baba ya dafa min gwiwa. Babu wani babba mai tuƙi a gidanmu, babu ma a unguwarmu. Da akawun ya faɗi farashin, muka ga abin da ke hannunmu ba zai ɗauki a-kori-kura da cikakkiyar inshora tare ba. Ko dai mu ɗauke ta da ƙaramar inshora, ko mu ɗauki shuɗiyar motar da cikakkiya, don ita tata da sauƙi.

Baba ya daɗe yana jan gemu. Komawa gida hannu biyu bayan duk gari ya ga an sayar da jakuna, wannan ba ya cikin lissafi. Can ya ce, "Dukiyar gida ce gaba ɗaya. Ba zan damƙa ta a hannun yaro ba tare da madogara ba. Ita ƙaramar ba ta da wurin zuba kaya ne?" Na yi caraf na ce tana da but babba na zuba kaya a baya, kuma ana iya cire kujerar baya. Akawun ya ce wannan takardar ta motar hawa ce, ba ta yarda da dakon kaya ba. Mu kuwa a kunnenmu dako shi ne ka ɗauki kayan wani a biya ka. Wa zai kira takin gonar ubansa dako? Baba ya dangwala yatsa, na sa hannu.

Ranar da muka shiga gari da shuɗiyar motar, mata har guɗa suka yi. Inna ta leƙo, ta zagaya motar, ta ce Allah ya sa alheri, ta koma ɗaki.

Da rani ya kama muka fara aiki. Na cire kujerar baya, na shimfiɗa buhuna, muka je bolar birni muka cika but da bayan motar har tagogi. Ko a ido ka san bai kai abin da jakuna ke kawowa ba. Ga mai ya yi tsada, wani lokaci ma babu shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne burtalin da ke shiga gonarmu, siriri ne, yashi ne zalla. Jaki har tsakiyar gona yake kai kaya, mota kuwa a bakin hanya take tsayawa, sai mu kwashe a kwando mu ɗora a ka, ni da dattijon da aka sayi motar don a hutar da gwiwoyinsa. Wari kuma ya kama kujeru ya zauna. Ɗalibaina suka raɗa mata suna motar bola, in na wuce su toshe hanci suna dariya.

Ba a yi nisa ba sifirin na baya, ƙarfen da ke riƙe nauyin mota, ya karye. Muka lallaɓa da ita har ofishin inshora, Baba na tafe da ƙwarin gwiwa, ai ya biya cikakkiya. Akawun ya fito, ya buɗe but, ya ja da baya.

"Baba, me kuke ɗauka a nan?"

"Taki ne, na gonata."

"Ai shi ne dakon da na gaya muku. Wannan ba haɗari ba ne, lodi ne ya karya ta. Kuma da haɗarin za ku yi da wannan kaya a ciki, ko sisi ba za a biya ba."

Na tashi zan yi masa tijara, Baba ya ce, "Kai, rufe mana baki." Ya juya ya tambayi akawun, "Wato abin da na dangwala yatsa a kai ke nan?" Akawun ya ce shi ne. Baba ya ce to ya ji.

Daga ranar ya hana a sake zuba taki a motar. Na ce wa zai gani? Ya ce shi ya gani, alkawari ya ɗauka, kuma bai biya kuɗin madogara don ya rushe ta da hannunsa ba. Na ce to mu sayar da ita mu mai da jakuna. Muka tambaya, ashe jaki ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba, don kowa ya koma kansa, mota kuwa ba mai tayawa sai da wulaƙanci. Muka nemi haya, kowane mai jaki ya ce sai ya gama da tasa gonar, kuma kafin ya gama ruwa ya sauka.

Gona ba ta yin fushi a shekara ɗaya. Daminar farko ta ci tsohon ƙarfinta. Ta biyu dawa ta fito siririya, ganye rawaya. A ta uku wuta-wuta ta mamaye ta, ciyawar nan mai jan fure da ke bin ƙasar da ta gaji tana shanye hatsi. Duk shekara kuma sai na je na sabunta inshora, akawun na yi min albishir wai an ɗan rage min tunda ban yi haɗari ba. Wallahi ko kaza ban taɓa bugewa da motar nan ba. Abin da muka biya don a tsare mana bai sake samun ko ƙwarzane ba, abin da muke ci daga gare shi kuma yana mutuwa a gabanmu. In na tuna yadda na yi caraf da maganar but a ofishin nan, har yau sai in ji kamar in mari kaina.

Tsakiyar wata damina, gero bai ko fitar da kai ba, Inna ta kira ni gefe ta ce hannunta ya taɓa ƙasan rumbu. Ba ta gaya wa Baba ba, amma ya sani. Washegari da muka fito daga sallar asuba ya ce in tada mota. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Na ɗauka Zakirai za mu, sai ya ce in bi ta birni, Rimin Gado za mu. Ba mu da kowa a Rimin Gado. Sai da muka yi nisa na gane dalilin zuwan ke nan.

A kasuwar ya tsaya gaban mai awo, hannuwansa a baya. Mutumin da ya san dawa tun daga ƙwaya, sai ga shi bai san yadda ake taya ta ba. Ya ɗebi kaɗan ya mirza a tafin hannu, ya ciji ɗaya, ya ce wa mai hatsin, "Wannan ta sha taki." Abin da aka faɗa masa shi ya biya, bai nemi ragi ba. Na kau da kai don kada mu haɗa ido.

Na kinkimo buhun na buɗe but zan saka, sai ya riƙe min hannu.

"Tsaya. Wannan ma takardar ta hana?"

Na ce, "A'a, Baba. Abincin gida ne, ba ta hana ba."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. Ya cire rawaninsa ya shimfiɗa a kan buhun. "In mun isa, ka shiga da ita ta bayan gida."